Ina mai son barin giya zai samu ƴan uwansa a Maraɗi?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Wani ɗan uwa ya turo mini saƙo ta bayan fage, ya roƙi in kawo shi gabanku ba tare da sunansa ba. Zan riƙa kawo amsoshinsa da sunan Baƙon Zaure. Ina roƙon kowa ya tsaya kan maganar, kuma duk wanda ya shiga ƙoƙarin gano ko wane ne, zan goge abin da ya rubuta.

Baƙon Zaure: Ina gaida manya da ƙanana. Shekaruna 38, ina da mata da ƴaƴa huɗu, kuma neman abincina yana tsakanin Maraɗi da iyakar Ɗan Isa. Shekara 11 ke nan ina shan giya. Na fara ne da kwalba ɗaya in an tashi daga aiki, tare da mutanen da ke ƙetarowa daga Katsina a ƙarshen mako, yau kuma ba na iya kwanciya sai na sha, wani lokacin ma sai na kurɓa da safe kafin hannuna ya tsaya. Kullum aljihuna da kanumfari da goro saboda wari, amma a watan jiya ƴata mai shekara shida ta hau cinyata, ta ce mini, "Baba, bakinka yana warin asibiti." Uwarta tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago kai ba, kuma wannan rashin ɗago kan ya fi mini zafi bisa ga duk faɗan da ta taɓa yi mini.

Duk watan azumi nakan bari. Kwana ukun farko hannuna yakan yi rawa har kunu ya zube daga ludayi a wurin buɗa baki, gumi ya jiƙe mini riga, barci ya ƙaurace. Daga baya jiki ya saki, in kai ƙarshen wata lafiya, in yi rantsuwa cewa na rabu da ita ke nan. Ban taɓa wuce mako guda bayan Sallah ba. An yi mini rubutu na sha, an haɗa mini saiwa, na yi alkawari a gaban mahaifiyata, duk na koma.

Na ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe masu irin wannan lalura sukan haɗu su taimaki juna. Tambayata ita ce: yaya ake samun irin wannan zama, me ake yi a cikinsa, kuma mutumin da ke zaune a Maraɗi yana iya shiga ba tare da ya zama abin nuni a gari ba?

Isufu Zariya: Yaya, Allah ya yaye maka. Amma gaskiya ɗaya ce, abin da ya yi aiki a Turai ba lalle ya yi aiki a nan ba. A can mutum yana iya shekara goma bai san sunan maƙwabcinsa ba. A nan kuwa, in mutum biyar da aka san su da shaye-shaye suka shiga gida ɗaya sau biyu a jere, kafin a yi sallar isha'i mai shayin bakin layi ya sani, ɗan kabu-kabun da ya kawo su ya sani, gobe kuma zancen yana fadar unguwa. Waɗanda suka girme ni sun ba ni labarin watan Nuwamba na 2000, lokacin da aka far wa gidajen giya a nan Maraɗi, kuma har yau sunan mashayi tabo ne da ke bin mutum har wurin neman auren ƴaƴansa. Shawarata ita ce ka canja abokai da hanyar da kake bi in ka tashi daga aiki, ka riƙe salla, ka yanke ta lokaci ɗaya kamar yadda kake yi da azumi.

Majo Rabi: Ƙanena Isufu, maganarka ta canja abokai daidai ce, amma ta yankewa lokaci ɗaya tana da haɗari, kuma dole in tsaya a kanta kafin a ci gaba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga abin da idona. Rawar hannu da gumi da rashin barcin da ɗan uwanmu ya ambata alama ce cewa jikinsa ya riga ya dogara da giya. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa, in abin ya daɗe, sai ta ƙara ƙarfin aikinta don ta daidaita. Ranar da aka janye giyar kwatsam, wannan ƙarin ƙarfin ba shi da abin da zai danne shi. Alamun sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani, da zazzaɓi da bugun zuciya, suna ganin abin da babu. A irin wannan hali ne dangi kan ce iskoki ne su tafi neman mai ruƙiyya, alhali mutum yana bukatar gadon asibiti, domin wannan ruɗewar tana kisa in ba a kula da ita ba. Wanda ya sha barin giya yana komawa, kowane sabon bari yana iya fin na baya tsanani, saboda haka tsirar da ya yi a azumin da suka wuce ba tabbaci ba ne.

Ɗan uwa, kafin ka nemi kowane zama, ka fara zuwa wurin likita, ko a CSI, wato ƙaramin asibiti, na unguwar da ba taka ba in kana jin nauyi, ko a babban asibitin jiha. Ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha da lokacin da kake sha, kada ka rage, domin da shi ake auna magani. Akwai maganin da ake bayarwa na ƴan kwanaki, irin su diyazefam, tare da bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa, amma kada ka saye su a teburin mai tallan magani, saboda shi kansa diyazefam yana kama mutum, kuma haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi. Haka ma tramol, in kana taɓawa ka gaya wa likita. Sirrin marar lafiya wajibi ne a kanmu a ƙa'idar aiki.

Sai dai asibiti aikin mako ɗaya ko biyu yake yi. Abin da ke mayar da mutane shi ne watannin da ke biyo baya, kuma a nan ne tambayarka take da muhimmanci.

Tsohon Buruksel: Majo ta faɗi abin da ya kamata a fara da shi, ni kuma zan amsa tambayar daga abin da na rayu a cikinsa. Na yi shekaru a Beljiyam, can na koyi sha, can kuma na bari. Yau shekarata 14 ban kurɓa ba, kuma ba ni da kunyar faɗin cewa ta hanyar irin wannan zama Allah ya taimake ni.

Ƙungiyar da aka fi sani ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. Mutum biyu ne suka fara ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, Bill Wilson, ɗan kasuwar hannun jari, da Bob Smith, likitan fiɗa, dukansu giya ta ɗaiɗaita su. Abin da suka gano shi ne, mashayi in ya zauna yana magana da mashayi ɗan uwansa, sha'awar takan lafa masa ta yadda wa'azin wanda bai taɓa sha ba bai iya lafar da ita. A 1939 suka buga littafin da ya ƙunshi matakai 12 da ake bi. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato mutum ya kasance yana son bari. Ba a rubuta suna, ba a biyan kuɗin shiga, ba a karɓar tallafi daga waje, kuma ba a tambayar addininka.

Ranar da na fara zuwa, na zagaya ginin sau uku kafin in shiga. Wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene, da kujeru kamar goma sha biyar da butar kofi. Na zaci za a titsiye ni da tambayoyi, sai wani dattijo ya miƙo mini kofi, ya ce in ban so magana ba in saurara kawai. Aka karanta wani ɗan guntun rubutu, sannan kowa ya yi magana bi da bi, minti uku ko huɗu, a kan kansa kaɗai. Ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba mai cewa "da ka yi kaza". Wata mata ta ba da labarin yadda take ɓoye kwalba cikin injin wanki, ɗakin ya fashe da dariya, ni ma na yi, saboda tawa tana cikin buhun shinkafa. Wannan dariyar ce ta fara kwance mini wani ƙulli, domin shekara da shekaru ina zaton ni kaɗai ne maƙaryaci irin wannan. Awa ɗaya aka tashi, mutum uku suka rubuta mini lambarsu, suka ce in sha'awa ta taso in kira kafin in sha, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ba su ce in yi rantsuwar bari har abada ba. Sun ce in riƙe awa 24 da ke gabana, gobe kuma a sake. Daga baya mutum yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama jagoransa, shi zai bi matakan tare da shi.

Ga mai zaune a Maraɗi, hanya mafi kusa ita ce waya. Tun annobar korona a 2020 zama da yawa suka koma intanet, kuma akwai na Faransanci da na Ingilishi kusan kowace awa ta manhajar Zoom. In ka rubuta sunan ƙungiyar da Faransanci, wato Alcooliques Anonymes, a wurin bincike za ka ga jadawalinsu. Kana iya rufe kyamara, wanda kuma yana rage cin kuɗin intanet, ka sa sunan da ka ga dama. Ka lura da abu biyu: akwai zaman da kowa ke iya shiga, har dangi, akwai kuma na masu lalurar kaɗai, sannan agogon Faransa daidai yake da namu a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gabanmu da awa ɗaya. Na sha ganin wanda ya shiga an tashi, ya yi fushi ya ce abin ƙarya ne.

Bayan haka, tun da na dawo gida, mu huɗu ne muke zama duk daren Alhamis, da Hausa. Ba mu da suna, ba mu da allo a ƙofa.

Malam Sanusi: Alhaji, Allah ya ƙara muku tabbata, kuma ina yi wa mai tambaya addu'ar samun mafita. Amma akwai abubuwa biyu da suka tsaya mini, kuma amana ce in faɗe su. Na farko, ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ana yafe wa al'ummarsa duka sai masu bayyana saɓo, kuma ya ba da misalin mutumin da ya yi laifi da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya ce, "wane, jiya na aikata kaza." To zaman da mutum zai tashi a gaban jama'a yana lissafa abin da ya sha da inda ya ɓoye kwalba, har a yi dariya, ina bambancinsa da wannan? Na biyu, na ji cewa a irin wannan zama mutum yakan gabatar da kansa da cewa shi mashayi ne, ko da ya shekara ashirin da bari. A wurinmu kuwa wanda ya tuba daga zunubi kamar wanda bai yi ba ne. Me zai sa mutum ya rataya wa kansa sunan da Allah ya riga ya sauke masa?

Tsohon Buruksel: Allah gafarta Malam, waɗannan tambayoyi biyu ni ma sun hana ni barci a shekarata ta farko. Game da na biyu, faɗin "ni mashayi ne" al'ada ce, ba tilas ba ce, kuma a zamanmu na nan ba mu yin ta. Abin da ake nufi da ita shi ne jikin bai manta ba. Allah ya yafe zunubin, muna kyautata zato, amma in yau na kurɓa ɗaya, ba zan tsaya a ɗaya ba, kamar yadda mai ciwon sukari ba ya cewa ya warke don ya shekara goma bai sha lemo ba. Na san mutumin da ya yi shekara tara, ya ce yanzu ya zama kamar kowa, bai kai wata biyu ba ya koma inda ya tsaya.

Game da na farko, hukunci naku ne, ni dai zan kwatanta abin da ke faruwa. A mashaya ma ana ba da labarin sha, kuma na san wannan labarin sarai: fahariya ce, wa ya fi wa juriya. Wanda ake yi a zama daban yake, mutum yana faɗa ne don kada ya koma, ga mutanen da suka yi alkawarin ba za su fitar ba. Shekarun da na yi ina sha, rufin asirin da nake taƙama da shi, giyar yake rufa wa asiri, ba ni ba.

Malam Sanusi: Wannan bambanci yana da tushe, Alhaji. Malamai sun halatta mutum ya faɗi laifinsa ga wanda yake fatan samun mafita a wurinsa, kamar mai neman fatawa ko magani, kuma hujjarsu ta haɗa da mutumin da ya zo wa Annabi yana cewa ya halaka, saboda ya kusanci iyalinsa da rana a cikin Ramadan, ba a tsawata masa don ya faɗa ba, aka nuna masa kaffara. Saboda haka in zaman ya tsaya kan gwargwadon bukata, ba tare da ƙawata saɓon ba, ba tare da ambaton sunayen waɗanda aka yi tare da su ba, ban ga abin hanawa ba. Dariyar dai har yanzu ba ta kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Ina kuma so in ja kunnen masu saurin tsinuwa, domin na ga wasu saƙonni kafin a goge su. A Buhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ita kanta giyar ba a haramta ta rana ɗaya ba: aya ta 219 a Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta, aya ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan aya ta 90 a Ma'ida ta yanke. Haramcin ya tabbata, babu sassauci a cikinsa, amma wanda ya halicci mutum ya san yadda sabo yake. Don haka abin da Majo ta faɗa na bin hannun likita bai saɓa wa tuba ba. Tuba tana farawa daga lokacin da ya ƙudurta, magani kuma yana cikin riƙo da sababi.

Yohanna Sabon Gari: Da izinin Malam, ina da tambaya ga Alhaji. Na ji ana cewa wannan tsari daga wata ƙungiyar Kirista ya samo asali. Ni Kirista ne, wannan bai dame ni ba, amma ina tunanin ɗan uwanmu Musulmi da zai shiga ta waya ya ji ana rufe zama da addu'ar da ba tasa ba. Mu ma muna da masu wannan lalura, har da masu burkutu a ƙauyuka, kuma kunyar iri ɗaya ce a coci da masallaci.

Tsohon Buruksel: Haka ne, Malam Yohanna, waɗanda suka kafa ta sun fito ne daga wata ƙungiyar Kirista da ake kira Oxford Group, daga baya suka ware, kuma a matakan an rubuta Allah gwargwadon yadda kowa ya fahimce shi. Ni in ana addu'ar rufewa nakan yi tawa a zuci, ba wanda ya taɓa tambayata. Musulmin Amurka ma sun kafa tasu a Baltimo a 1989, mai suna Millati Islami, suka daidaita matakan da Alƙur'ani da hadisi. Wanda kuma ba ya son a haɗa da addini sam, akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994. A zamanmu na Alhamis ɗaya daga cikinmu Kirista ne, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga waya in an kira shi da dare.

Hajiya Ta Mokoyo: Ina gaida Malam da Alhaji. Ni mai shan a gidanmu ba mijina ba ne, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na yi shekara bakwai ina abin da na ɗauka taimako ne. In ya ci bashi a mashaya ni ke biya, jika biyar yau, jika goma gobe, don kada a biyo shi gida. In ya kasa tashi zuwa aiki ni ke kira in ce masassara ce. Na taɓa tsayawa da asuba ina wanke zaure da omo kafin mahaifinmu ya fito salla, don kada ya ga amai. Duk wannan bai rage masa ko kurɓa ɗaya ba, sai dai ni da na samu hawan jini. Wata ƴar uwa da ke zaune a Kanada ce ta haɗa ni da zaman dangin mashaya, wanda ake kira Al-Anon, da matar Bill Wilson ɗin nan, Lois, ta taimaka aka kafa a 1951. A can na fara jin cewa ba ni na jawo masa ba, kuma ba ni zan iya cire masa ba. Na daina biyan bashin. Wata uku ba ya gaishe ni.

Abin da nake so in gaya wa mai tambaya shi ne, matarka ta sani, kuma ta daɗe da sani. Kada ka sake yi mata rantsuwa, ta ji su da yawa. Ka ce mata ranar kaza za ka asibiti, ka nemi ta raka ka ko ta san inda kake, domin kwanakin farko ana bukatar mai lura da kai. Ga Alhaji kuma ina da ƙorafi: ku huɗu maza kun samu wurin zama. Matan da ke sha a ɓoye fa, da masu shan maganin tari da ƙwaya a cikin ɗaki? Suna nan a garin nan, kuma mace ba ta da fadar da za ta fake da ita.

Isufu Zariya: Baba Alhaji, na karanta duka, kuma na janye maganar yankewa lokaci ɗaya, Majo ta fi ni sani. Amma ba a amsa mini tawa ba. Yaya kuke yi zancen bai fita ba? Sannan mene ne shaidar cewa zaman ne ke aiki, ba wai waɗanda dama za su bari ne ke dawwama a cikinsa ba?

Majo Rabi: Tambayarka ta biyu masana sun daɗe suna yin ta. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta wallafa bitar bincike 27 da suka ƙunshi mutum fiye da 10,000, kuma a yawancinsu an raba mutane ne ta hanyar ƙuri'a, don a kauce wa abin da kake zargi. Sakamakon ya nuna cewa tsarin da ke kai mutane ga AA ya yi daidai da sauran hanyoyin jinya, a wajen dawwama kan bari gaba ɗaya ma ya fi su. Wannan ba ya nufin kowa yana dacewa, akwai masu zuwa su koma sha, akwai waɗanda tsarin bai karɓe su ba sam.

Tsohon Buruksel: Ɗana Isufu, a garin da kowane lungu akwai fada, maza huɗu a kan tabarma da butar shayi ba abin kallo ba ne. Muna zama bayan isha'i a cikin shagon ɗayanmu in ya rufe, wani makon kuma a gonar wani a bakin gulbi. Waya tana aljihu, ba a ɗaukar murya ko hoto. Ba mu da rukunin WhatsApp, saboda waya tana faɗawa hannun yara da mata. In mun gamu a kasuwa, gaisuwar da kowa ke yi ita muke yi. Sabon mutum ba ya zuwa kai tsaye, sai ɗayanmu ya zauna da shi su biyu tukuna. Duk da haka ba zan ce maka ba a taɓa samun ɓaraka ba. Mun taɓa zama mu biyar, ɗaya ya koma sha, kuma cikin maye ya ambaci sunan wani a mashaya. Mun yi wata biyu ba mu haɗu ba. Wanda aka ambata ɗin shi ne ya fara cewa a dawo, ya ce lokacin da yake kwana a bakin kwata gari duka ya gan shi, don haka in yau an ce an gan shi yana neman bari, ya yarda. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma muna tuna wa juna wannan a farkon kowane zama.

Hajiya, ƙorafinki gaskiya ne, kuma ba ni da amsar da ta wuce wannan: ba zai yiwu mu haɗa zama da mata ba a nan, zai rusa su ya rusa mu. A intanet akwai zaman mata zalla. Na Hausa kuwa sai in wata ta fara, kuma mutum biyu sun isa a fara.

Hajiya Ta Mokoyo: To Alhaji, in Majo za ta yarda ta zauna da mu a karon farko, ɗakina yana nan, kuma mata sun saba shigowa gidana saboda adashi. Na san biyu da zan iya tuntuɓa, amma ba zan yi musu alkawari ba sai na ji daga gare ta.

Majo Rabi: Na yarda, Hajiya, amma in zo a matsayin mai duba wadda ke bukatar asibiti, sannan in bar muku wurin. Zama irin wannan na masu abin ne, in ma'aikaciya ta zauna a tsakiya sai kowa ya koma yi mata bayani.

Baƙon Zaure: Na gode wa kowa, har da Isufu, domin tsoron da ya faɗa shi ne nawa. Daren jiya na shiga wani zama na Faransanci daga cikin mota, kyamara a rufe. Faransancina na tasha ne, rabin maganar ta wuce ni, kuma layi ya yanke sau biyu. Amma wani mutum ya ce yakan sayi giyarsa a shaguna uku daban-daban don kada mai shago ɗaya ya san adadin, sai na ji kamar ya bi ni a baya yana kallo. Ban yi magana ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, bayan an tashi na sha, sai dai ban kai yadda na saba ba, tunda Majo ta ce kada in yanke da kaina. Da safe na gaya wa uwargida cewa ranar Litinin zan je asibiti. Ta ce, "Wane asibiti?" Na faɗa mata. Ta ce za ta kai yara gidan yayarta. Alhaji, in kun amince, ina so in gan ku kafin Litinin ɗin.

Tsohon Buruksel: Na amince. Na ba mai kula da zaure lambata, ka kira ni da kanka, kada ka aiko. Gobe Asabar bayan la'asar ina gona. In ka sha kafin ka zo, ka zo a haka, amma ka bar motar a gida ka hau kabu-kabu.

Malam Sanusi: Alhaji, maganar dariyar nan ba mu gama ta ba. In kun samu sarari bayan sallar Juma'a mai zuwa, ku biyo ta makaranta mu ƙarasa.